Hannuwana Ne a Bidiyonsa

Ina gaishe ku, masu bibiyata. Yau sai kun yi haƙuri da ni, raina a jagule yake. Tun ranar Talata duk abin da na kai baki sai in ji kamar da ƙamshin turaren mutumin nan a ciki, in ture kwanon in tashi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kantin sayar da magani daga safe zuwa azahar. Yayyena biyu duk mata ne, kowacce tana gidan mijinta a wani gari. Saura ni da Umma da Abba, sai motar Abba da muke kira Shuɗiya.

Shuɗiya ta girme ni da shekara ɗaya. Doguwa ce mai ƙofa huɗu, injinta silinda shida, irin motocin da a zamaninsu idan suka taso sai kowa ya ba su hanya. Abba makanike ne, shekara talatin da wani abu ya yi yana aikin, kuma da ya gina gidan nan sai da ya sa aka haƙa rami a garejin gida, don ya riƙa shiga ƙarƙashinta a tsaye. Burinsa ɗaya ne a kanta, ya saka mata turbo, wato abin nan da ke cusa wa inji ƙarin iska ya ninka masa ƙarfi. Har ya sayo na hannu ya ajiye a kwali, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi shekara biyu da suka wuce. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana kuma sai kalma ɗaya ko biyu, da ƙyar.

Ni tun ina firamare nake miƙa masa sifana. Da na ga kullum idan an fito da shi shan iska idonsa na kan kwalin nan, sai wata Asabar na ɗaura tsohuwar rigar aikinsa a kan doguwar rigata, na naɗe hannun har sau uku, na tura kekensa bakin ramin. Na ce, "Abba, kai ne kan, ni ce hannun." Ya yi wata dariya ta gefen baki ɗaya wadda rabon da mu ji ta tun kafin asibiti.

Haka muka fara. Idan na ɗauko abin da ba shi ba sai ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. Idan daidai ne, sau biyu. Na kwance kan injin, na canza gaskit ɗin da ke hana shi yoyo, na sauke tsohuwar salansa da duk ta yi tsatsa, na ƙone yatsuna ya fi a ƙirga. Kalmar da Abba ya fi iya faɗa a garejin nan ita ce "a hankali", kuma ko ita sai ya yi kokawa da harshensa kafin ta fito. Umma kuwa kullum faɗanta ɗaya, wai faracena sun zama kamar na mai sayar da gawayi, wane namiji ne zai kalli wannan hannun.

Sai ga Injiniya. Ba injiniya ba ne, dillalin filaye ne, shi ya raɗa wa kansa sunan, abokansa suka kama. Wata rana ya hango Shuɗiya ta ƙofar da aka bari a buɗe, ya yi sallama ya shigo cikin fararen kaya masu sheƙi da takalmin da ko ƙura bai taɓa gani ba, ya ce yana so ya saya. Abba ya buga sanda sau ɗaya. Mutumin ya tafi, bayan kwana uku ya dawo, wannan karon ya ce ba don motar ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ya burge ni. Shi ne namiji na farko da ya ga baƙin mai a kumatuna bai yatsina fuska ba. Wasu samarin turare suke kawowa, shi kuwa ya kawo mini nozul shida sababbi, masu fesa wa inji mai, a leda, wata rana bututan ƙarfe, wata rana abin sanyaya iskar turbo. Umma ta dinga sa masa albarka har muryarta ta dusashe. Ƙanwarta, Anti, da ke zuwa mana duk Laraba, ta ce idan na bar wannan ya kuɓuce to lallai a duba kaina. Kafin wata huɗu an fara maganar manyansa za su zo.

Yana yawan ɗaukar bidiyo idan muna aiki. Ya ce na tarihi ne, mu nuna wa 'ya'yanmu. Akwai ranar da na fito daga rami na gan shi ya tsoma yatsa a kwanon tsohon baƙin mai yana shafawa a goshinsa, yana duba fuskarsa a waya. Dariya na yi a lokacin. Ku dai bar ni da wautata.

Ranar Talata ina kanti, ina jera maganin tari a kanta, sai saƙon aminiyata ya shigo.

"Ke, wannan ba garejinku ba ne?"

Na danna. Shafi ne guda, mabiyansa dubbai, sunansa Garejin Injiniya. Bidiyo sun fi arba'in. Na buɗe na farko, sai ga hannuwa biyu cikin safar hannu shuɗiya irin ta kantinmu suna ɗaure bututun turbo. Hannuwana ne. Har ɗan tabon ƙunar da ke wuyan hannuna na hagu ana gani. An yanke hoton daidai gwiwar hannu, muryarsa kuma tana bayani a kai, wai yau ya kwana biyu yana fama da wannan bututun amma ya ci nasara. Na buɗe na biyu, na uku, duk haka. Inda fuska ta fito, tasa ce, da baƙin man nan a goshi.

Da a nan abin ya tsaya, wallahi da tsaki kawai zan yi. Amma akwai wanda ya manna a can sama, wanda aka fi kallo. Fuskar Abba ce ta cika wayar. An matso da kamara har ana ganin jijiyar wuyansa, yana ta ƙoƙarin furta "a hankali", bakinsa ya karkace, yawu yana zubowa ta gefe. An saka wani kiɗa mai ban tausayi a ƙasa. A kan hoton an rubuta cewa wannan tsohon makanike ne da 'ya'yansa suka watsar, shi Injiniya ya tsince shi, kuma ya yi alkawarin cika masa burinsa kafin ya mutu. Daga nan sai hannunsa ya shigo da farin hankici, ya goge wa Abba baki, ya shafa kansa kamar wanda ke lallashin jariri.

Na tuna ranar. Na shiga ciki ɗauko wa Abba ruwa, da na dawo na tarar da Injiniya a bakin kwandon shara riƙe da hankicin da yatsu biyu, ya jefa, ya ciro ɗan kwalbar man tsaftace hannu daga aljihu yana ta murzawa har tsakanin yatsu. Na ɗauka mai ne ya taɓa.

A ƙasan bidiyon mutane sai addu'a suke zuba masa. Wasu suna tsine wa 'ya'yan tsohon. Wata ta rubuta cewa irin waɗannan 'ya'yan gara a ce ba a haife su ba. Ni da nake juya Abba sau biyu kafin in fita aiki, nake yanke masa farce, nake sanin daga ƙwayar idonsa idan yana son bayi. Na shiga banɗakin kantin na tsaya a kan wurin wanke hannu, na watsa wa fuskata ruwa.

Na tura wa Injiniya bidiyon ba tare da na rubuta komai ba. Minti biyu ya amsa da fuskokin dariya guda uku.

"Gimbiya, kin gano sirrina. Talla ce kawai, haka ake jan mutane."

"Ka ce 'ya'yansa sun watsar da shi."

"Ai ban kama suna ba. Kuma na rufa miki asiri ne, kina so duniya ta ga matata a cikin rami?"

Kafin in gama haɗiye wannan sai ga wani. Wai ya riga ya sanar wa mabiyansa ranar Asabar za a tayar da motar karon farko, zai zo da abokansa su ɗauka, daga nan ya fita da ita sabon titin bayan unguwa ya taka ta a ga gudunta, Abba a kujerar gaba. Na rubuta masa cewa ba a daidaita ƙwaƙwalwar motar da turbo ba tukuna, idan aka taka ta haka fistin zai narke, kuma birkin da ke jikinta tsohon ne, ba zai riƙe wannan ƙarfin ba. Ya ce in daina tsoro irin na mata, sau ɗaya ne. Ya ƙara da hoton zuciya.

Da na koma gida na tarar da Umma a falo tana ninke wankin Abba. Na miƙa mata wayar. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce abin bai yi kyau ba kam, amma yaran yanzu haka suke da waya, in yi masa magana cikin lalama ya goge. Washegari Anti ta zo da jakarta mai sarƙa da mayafinta mai duwatsu, ta kalla ita ma, ta ce ita ba ta ga abin tayar da hankali ba. Namiji ya ɓoye fuskar wadda zai aura, ai kishi ne, kuma kishi so ne. Ta ce shekara ashirin da bakwai ba wasa ba ce, sa'o'ina suna kai yara makaranta ni ina kai sifana rami.

Na ce, "Anti, yawun Abba ya nuna wa duniya."

Ta ce, "To ƙarya ya yi? Ba ya zubar da yawun?"

Na dubi Umma ina jiran ta ce wani abu. Sai da Anti ta tafi sannan Umma ta same ni a kicin, ta ce mini ta gaji. Ta ce shekara biyu ba ta yi barcin kirki ba, bayanta ya ƙage wurin ɗaga Abba, kuma duk ranar da ya faɗi a banɗaki sai mun fita neman maƙwabci. Tana son a ce akwai namiji da za a kira ya zo. Ta faɗa tana goge murhun da ta riga ta goge, ba ta kalle ni ba. Na so in ji haushinta, na kasa. Haushin dai yana nan, ba nata ba, ba na kowa ba.

Ranar Juma'a da la'asar na tura Abba gareji kamar kullum. Na buɗe ɗan akwatin fiyus da ke gefen injin, na zare na fanfon mai, wani ɗan abu ja da bai kai ƙwayar dabino ba, na jefa a aljihu. Idan babu shi mota za ta yi ta gurnani amma mai ba zai hau ba. Abba yana kallona. Ya buga sanda sau ɗaya, ya ɗaga gira.

A nan na yi abin da har yanzu ban san ko daidai ne ba. Na durƙusa gabansa na nuna masa bidiyon. Na ga kamar haƙƙinsa ne ya sani, tunda fuskarsa ce. Ya kalla har ƙarshe. Ya nuna da yatsa in sake sakawa, na sake. Da ya ƙare sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya goge gefen bakinsa, ya duba hannun, ya sake gogewa, alhali babu komai a wurin. Ya juya kai ga ƙofar cikin gida. Na ce ko mu ɗan duba bututun mai kafin magariba. Ya buga sanda sau ɗaya. Ranar ko shayinsa bai sha ba, kuma da Umma ta zo ba shi abinci sai ya karɓi cokalin da kansa, yana ci yana zubarwa, ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa fuska.

Asabar da hantsi suka iso, mota biyu. Injiniya ya fito cikin sabuwar rigar makanikai ja, har layin ninkin kanti yana jikinta, da tabarau a saman kai, turarensa ya riga shi shiga gareji. Abokansa uku, ɗaya da kamara a kan sanda, ɗaya da fitila mai zagaye, na ukun wani dogo mai gemu wanda daga yadda ya leƙa ƙarƙashin motar na gane shi ya san mota. Ni ina tsaye bakin ƙofar cikin gida da baƙar abaya da wankakkun hannuwa. Umma ta aiko da lemo a faranti.

Injiniya ya yi wa kamara jawabi mai tsawo a kan wata shida da ya yi yana zubar da gumi. Ya shiga, ya murza makulli. Shuɗiya ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ya sake, har batir ya fara sanyi. Ya fito yana murmushi ya ce ƙaramin abu ne. Ya ja abin buɗe bonet daga ciki, ya zagayo gaba, ya dinga laluben ɗan maƙalin da ke ƙasa. Ya fi minti guda yana lalube. Mai gemun ne ya sa yatsa ɗaya ya buɗe masa.

Injiniya ya tsaya a kan injin kamar wanda aka ba jarida da harshen da bai iya ba. Mai gemu ya tambaye shi ko ya ji ƙarar fanfon mai lokacin da ya kunna. Ya ce eh, ya ji. Ya tambaye shi nawa ya saita matsin turbo. Ya ce daidai yadda ya kamata. Don a ga yana wani abu sai ya kama wata roba ya ja, ashe ta lagireto ce wadda ban gama ɗaurewa ba, koren ruwa ya feso masa daga ƙirji har takalmi. Mai fitila ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Injiniya ya matso kusa da ni yana magana ta cikin haƙori, wai in zo in duba, su kashe kamara minti biyu.

Na ce da ƙarfin da kowa zai ji, "Ai kai ne Injiniya. Ni 'yar da ta watsar da ubanta ce."

Mai gemu ya dube ni, ya dubi tabon wuyan hannuna, ya dubi abokinsa. Ya ajiye lemon da ke hannunsa.

Injiniya ya ce to a fito da tsohon a ɗauke shi a jikin motar, ko ba ta tashi ba a samu abin sakawa. Ya nufi ƙofar da nake tsaye. Ban matsa ba. Ya sunkuyo har ina jin numfashinsa, warin ruwan lagireto ya gauraye da turaren, ya ce, "Ki yi tunani da kyau. Ban da ni wa zai kwashi mace mai warin giris da uba a kwance?"

Na ce ya fita mana daga gida. Suka tattara sandunansu suka tafi. Mai gemun ne kaɗai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in gaishe da Baba, kuma duk wanda ya haɗa bututan nan ya iya aiki.

Na wanke garejin da omo sau biyu. Na kwashe kofunan da suka sha lemo na zuba a ruwan zafi. Ina cikin shanya tsumma wayata ta yi ƙara. Na ɗauka ban haƙuri ne ko zagi. Hoto ne daga Injiniya. Takardun Shuɗiya ne a kan cinyarsa, waɗanda Abba ke ajiyewa a jakar fata a ƙasan akwatinsa, da wata sabuwar takarda a sama mai ɗauke da sunan Injiniya a matsayin mai mota. A ƙasanta, inda ake sa hannu, an dangwala babban yatsa da shuɗin tawada.

"Litinin da safe zan turo motar ja ta ɗauki kayana. Ki gaida Umma."

Na shiga kicin da wayar a hannu. Umma tana tsaye tana yanka albasa, bayanta gare ni. Na tambaye ta wa ya ba shi takardun motar Abba. Wuƙar ta tsaya. Ta ce wata biyu da suka wuce ya zo ina wurin aiki, ya ce takardun sun tsufa zai kai a sabunta, kada a kama mu ranar da za a fita da ita. Ta ce ita ba ta karanta ba, tabaraunta na ɗaki.

Na ce, "Umma, hannun daman Abba ba ya motsi. Wa ya dangwala?"

Ta ajiye wuƙar, ta share ido da bayan hannu, har yanzu ba ta juyo ba.

"Barci yake yi," ta ce. "Ni na riƙe masa yatsan."